Gasar triathlon: yadda kambun duniya ya koma na shekara guda

Yau mun waiwayi triathlon, wasan da ake iyo, a hau keke, sannan a yi gudu, duka a jere babu hutu. A San Diego ta Amurka aka fara shi a 1974. A 1989 aka yi gasar duniya ta farko a Avignon ta Faransa: iyon kilomita 1,5, keke 40, gudu 10. Mark Allen da Erin Baker suka ci.

Shekara 20 ana naɗa zakara a tseren rana ɗaya. Tayar keke ta fashe, shi ke nan, wahalar shekara ta tafi a banza. Daga 2009 sai aka koma tara maki gari-gari, wanda ya fi maki a ƙarshen kaka shi ne gwani.

To, ku dubi 2016 a Cozumel ta Meziko. Jonathan Brownlee na Ingila yana gaba, in ya ci kambu nasa ne. Ana dab da kammalawa zafi ya galabaitar da shi, yana tangaɗi. Yayansa Alistair ya tallabe shi har layi, ya zo na biyu. Mario Mola na Spaniya, wanda ya zo na biyar ranar, shi ya ɗauki kambu da 'yan maki kaɗan, don ya tara tun farkon shekara.

Mu da muka saba ganin takobin kokowa ya kuɓuce da faɗuwa ɗaya, wane tsari kuke ganin ya fi adalci?