Tarihin Durɓawa, sarakunan farko na ƙasar Katsina

Durɓawa su ne zuriyar da tarihin baka ya ce ta fara riƙe sarauta a ƙasar Katsina, tun kafin a gina birnin da aka sani a yau.

Ba su bar rubutaccen tarihi ba. Abin da aka sani game da su ya fito ne daga jerin sunayen sarakuna, da labaran fada, da kuma wasu tuddan kaburbura da ke Durɓi ta Kusheyi, kimanin kilomita 30 gabas da birnin Katsina, a ƙaramar hukumar Mani.

Daular tasu ta faɗi fiye da shekaru 500 da suka wuce, amma sunansu na nan a cikin sarautar Durɓi, wadda ake naɗawa a fadar Katsina a Najeriya da kuma fadar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, wato a ɓangarori biyu na iyakar da ta ratsa ta kusa da Jibiya.

Asali

Labarin da ya fi shahara ya danganta sarautar Katsina da Kumayau, ɗan Bawo, jikan Bayajidda na Daura.

To sai dai ruwayoyin sun sha bamban a kan dangantakarsa da Durɓawa. Wasu na cewa shi ne kakansu. Wasu kuma na cewa ya iske su ne a wurin da sarautarsu, ya ci su da yaƙi, daga bisani gidajen biyu suka cakuɗe.

Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ya wallafa littafi a kan tarihin Katsina a shekarar 1981, bai ɗauki labarin Bayajidda a matsayin bayanin asalin daular ba. A ganinsa, ƙasar tana da tsoffin garuruwa da dama masu cin gashin kansu, kowanne da shugabanninsa da wuraren tsafinsa, kafin a haɗe su a ƙarƙashin sarki guda.

Durɓi ta Kusheyi na cikin irin waɗannan garuruwa. Haka ma 'Yandoto da Kwatarkwashi, waɗanda yanzu suke cikin jihar Zamfara. Ana kuma ambaton Bugaje, a ƙaramar hukumar Jibiya, cikin tsoffin matsugunan ƙasar.

Abin da aka tono

A shekarar 1907 ne wani jami'in mulkin mallaka na Ingila, Richmond Palmer, ya fara haƙa tuddan Durɓi ta Kusheyi. Aikin nasa bai bi ƙa'idojin da masu binciken kufai suke bi a yau ba, saboda haka amfanin da aka samu daga gare shi kaɗan ne.

Bincike mai ma'ana ya zo ne a farkon shekarun 1990, lokacin da masana daga Jamus tare da hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya suka buɗe tuddai uku. An tarar da gawa guda a tsakiyar kowanne, an binne ta da kayan ado da na amfani.

Daga cikin kayan akwai mundaye da warwaro na tagulla, da na hauren giwa, da duwatsun wuya, da wuri, da ɓurɓushin tufafi da fatu. A ɗaya daga cikin kaburburan an samu kayan ado na zinariya. An kuma samu wata tasa ta ƙarfe wadda masana suka ce ƙirar Gabas ta Tsakiya ce.

An kai kayan birnin Mainz na Jamus, inda aka gyara su aka kuma yi nazarinsu, kafin a maido da su Najeriya. Gwaje-gwajen sun nuna cewa an yi binne-binnen ne a tsakanin ƙarni na 13 ko na 14 zuwa na 15 ko na 16.

Muhimmancin wannan ya wuce kyan kayan. Wuri dai daga tekun Indiya yake zuwa, tasar kuwa sai da ta ratso Sahara. Ke nan masu mulkin wannan wuri suna da hannu a fataucin nesa, kuma suna da dukiyar da za su iya binne wani kaso nata tare da mamatansu.

Tsarin binnewar ma abin lura ne, domin ba na Musulunci ba ne. Ya yi kama da abin da malamin nan na Andalus, Al-Bakri, ya bayyana a shekarar 1068 game da sarakunan tsohuwar daular Gana, waɗanda ake binne su da kayansu, a tara ƙasa a kansu har ta zama tudu.

Sanau da Korau

Sarki na ƙarshe a wannan gida shi ne Sanau.

Bisa ga labarin, Korau mutumin 'Yandoto ne, kuma abokin Sanau. Ya gano sirrin layar da ke kare sarkin, ya sa aka raba shi da ita, sannan ya kayar da shi a kokawa a bainar jama'a, ya yanka shi. Takobin da ake kira Gajere, wanda ke cikin kayan sarautar Katsina, shi ake cewa ya yi amfani da shi.

Masana tarihi na sanya mulkin Muhammadu Korau a rabin ƙarshe na ƙarni na 15, kuma shi ake ɗauka a matsayin sarkin Katsina Musulmi na farko. A cikin wannan zamani ne Shehu Al-Maghili ya ziyarci Katsina da Kano, wajejen shekarar 1493.

Da wuya a ɗauki labarin kokawar a matsayin rahoton abin da ya faru a rana guda. Ya fi kama da taƙaitaccen bayanin sauyin da ya ɗauki lokaci, inda mulki ya tashi daga hannun masu kula da tsafin gargajiya ya koma birni mai ganuwa, mai kasuwa da malamai. Wasu daga cikin kaburburan Durɓi ta Kusheyi ma sun zo daidai da zamanin Korau ko bayansa, abin da ke nuna cewa tsohuwar al'adar ba ta mutu nan take ba.

Sabon gidan sarautar bai kawar da Durɓawa ba. An bar wa shugabansu sarautar Durɓi, aka kuma sa shi cikin masu zaɓen sarki, tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka.

Rabuwar sarautar

Katsina ta faɗa hannun mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a shekarar 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki.

Zuriyar Korau ta yi arewa. Ɗan Kasawa, wanda ya jagorance su, ya fara fakewa a ƙasar Damagaram, sannan wajejen shekarar 1819 ya zauna a Maraɗi, bayan da mutanen yankin suka yi wa wakilin sabuwar hukumar tawaye.

A can aka sake kafa fadar Katsina da sarautunta kamar yadda suke a da, har da Durɓi, wanda ake danganta shi da zuriyar sarakunan farko da kuma al'amuran Anna masu bin addinin gargajiya. Har yanzu sarkin Maraɗi na amsa sunan Sarkin Katsina.

Ƙasar da Jibiya take ciki ta zama fagen fama tsakanin fadojin biyu a tsawon ƙarni na 19, musamman zamanin Ɗan Baskore na Maraɗi, wanda ya sha kai hari cikin ƙasar Katsina. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a shekarun 1898 da 1904 da 1906 ne suka mayar da wannan rabuwa iyakar ƙasa da ƙasa, wadda matafiya ke tsallakawa a tsakanin Jibiya da Ɗan Isa.

A ɓangaren Najeriya, sarautar Durɓi ta koma hannun Fulani Sulluɓawa bayan jihadi. Muhammadu Dikko yana riƙe da ita ne lokacin da Turawa suka cire Sarki Yero a shekarar 1906 suka ɗora shi a kan gadon sarautar Katsina, bisa goyon bayan Palmer, mutumin da ya haƙa kaburburan a shekarar da ta biyo baya.

Dikko ya yi mulki har zuwa 1944, kuma daga gidansa ne Alhaji Abdulmumini Kabir Usman ya fito, wanda ya zama Sarkin Katsina a shekarar 2008.