Horar da Tsokokin Numfashi Kafin Dashen Zuciya

Horar da tsokokin numfashi atisaye ne da ake sa majinyaci ya riƙa yi kafin a yi masa babbar tiyatar zuciya, ciki har da dashe, domin huhunsa ya jure abin da ke biyo bayan aikin. Tsokar da aka fi nufa ita ce shimfiɗaɗɗiyar nan da ta raba ƙirji da ciki, wadda ke ɗauke da mafi yawan aikin jan iska. Idan zuciya ta daɗe da rauni, wannan tsoka ma takan raunana. Ga kuma tsaga ƙashin ƙirji, da maganin sa barci, da injin numfashi. Bayan aikin sai mutum ya kasa jan iska sosai ko yin tari saboda zafi, majina ta taru, ciwon huhu ya samu ƙofa. Ciwon huhu ne ya yi ajalin Louis Washkansky, mutum na farko da aka yi wa dashen zuciya, kwana 18 bayan aikin da Christiaan Barnard ya yi masa a Cape Town ranar 3 ga Disamba, 1967.

Yadda ake yi ba wuya. Ana toshe hanci, a zuƙi iska ta baki ta wata 'yar na'ura mai marfi da ba ya buɗewa sai an ja da ƙarfi. Akan fara da kashi 30 cikin ɗari na iyakar ƙarfin zuƙar majinyaci, ana ƙarawa sannu a hankali. A wani gwaji na Utrecht da aka buga a 2006, an yi minti 20 kullum na aƙalla mako biyu, kuma matsalolin huhu sun sauko daga kashi 35 zuwa 18. Sai dai masu tiyatar jijiyoyin zuciya ne aka gwada. Hujjar da ta shafi dashe kanta ba ta kai wannan ƙarfi ba.

A Sakkwato batun ya fi shafar masu raunin zuciya. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Gawon Nama sun ruwaito a 2007 cewa raunin zuciya na masu jego na samun kusan mace 1 cikin haihuwa 100. Irin waɗannan majinyata, da masu shirin fita tiyata wani wuri, za su iya yin atisayen a gida bayan likita ya auna su, domin na'urar ba ta bukatar lantarki. Wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya dakata.