Tsakuwa a magudanar ɗaci: yadda likitan fiɗa ya rasa yatsunsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya san matsarmama, ƴar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, wadda mahauci ke cirewa da lallami don kada ta fashe ta ɓata nama. Jikin ɗan Adam ma yana da ita. Hanta ke yin ruwan ɗaci, matsarmama ta ajiye shi, sa'an nan wata siririyar magudana, wadda faɗinta bai cika wuce milimita 6 ba, ta kai shi ƙaramin hanji. Tsakuwa takan yi shekaru cikin jakar ba ta tada hankalin kowa ba. Amma in ta sulale ta toshe magudanar, sai shawara ta fito a ido, zazzaɓi da rawar ɗari su biyo baya, wani sa'in har a rasa rai.

A 1882 Carl Langenbuch ya fara cire matsarmamar mai rai a Barlin. Shiga magudanar kuwa sai daga baya: Knowsley Thornton a Landan cikin 1889, Ludwig Courvoisier a Bazel cikin 1890. Aikin hannu ne zalla. A tsaga ciki da faɗi, likita ya riƙe magudanar tsakanin yatsu, ya laluba har ya ji tsakuwa, ya yanka ya fitar. Bajamushe Hans Kehr ya yaɗa dabarar barin ɗan bututun roba mai siffar harafin T a wurin yankan, har yau kuma da sunansa ake kiran bututun. Duk da haka yatsa na kuskure. William Halsted, jigon likitocin fiɗa na Amurka, sau biyu aka yi masa aiki kan wannan tsakuwa, ya rasu a 1922 bayan na biyun. Sai a 1931 Pablo Mirizzi na ƙasar Ajantina ya fito da ɗaukar hoton magudanar ana tsakar aiki, bayan an ɗura mata wani ruwa mai fitowa a hoto.

Daga nan hanya ta rabu biyu. A 1974 Classen da Demling a Jamus, da Kawai a Japan, kowa a nasa ɓangare, suka nuna ana iya zura doguwar mesa mai fitila ta baki, ta ratsa tumbi, a ɗan tsaga bakin magudanar daga cikin hanji, a jawo tsakuwa da ƙaramin kwandon waya. Kwandon ma aro ne: Enrico Dormia ɗan Italiya ya ƙera shi tun 1958 don tsakuwar hanyar fitsari.

Fiɗa ta ƴan huda ta zo bayan haka. Erich Mühe ya cire matsarmama ta wannan hanya a Jamus cikin 1985, takwarorinsa suka yi masa dariya. Da Philippe Mouret ya yi a Liyon cikin 1987, François Dubois a Pari da Jacques Périssat a Bordo suka bi sahu, sai duniya ta ɗauka. Huda huɗu, kowace tsakanin milimita 5 zuwa 10, a hura ciki da iska, a zura kyamara, mara lafiya ya koma gida bayan kwana ɗaya ko biyu. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne hasarar da ta biyo: likita ya rasa yatsunsa. Magudanar da ya saba lalubawa ta koma hoto a allon talabijin, raunata ta bisa kuskure ya ƙaru a shekarun farko, da yawa kuma suka daina kusantarta, suka bar wa masu mesa. Mara lafiya ɗaya, aiki biyu, kwantarwa biyu.

A farkon shekarun 1990 wasu suka ƙi yarda da haka. Suka koyi bi ta ɗan wuyan da ya haɗa jaka da magudana, su zura kwando ko siririn madubi, in tsakuwar ƙarama ce. In babba ce su tsaga magudanar, su fitar, su ɗinke da zare suna kallon allo. Gwajin da Alfred Cuschieri ya jagoranta a asibitocin Turai, wanda aka buga a 1999, ya nuna aiki guda na share magudana daidai da aiki biyu, kwanakin asibiti kuma sun fi kaɗan. Amma ɗinkin na da wuyar koyo, kayan na da tsada, shi ya sa har yanzu asibitoci da dama ke kan tsarin aiki biyu.

Nijar na da ruwa a wannan magana. Ciwon amosanin jini, wanda ake kira emasi, yana saurin farfasa jajayen ƙwayoyin jini, launin da ke fita daga gare su ya dunƙule ya zama baƙar tsakuwa tun mutum na yaro. A 2009 likitocin Babban Asibitin Ƙasa na Yamai sun buga rahoton cire matsarmamar masu emasi ta ƴan huda. Ga irin wannan yaro, da kowace allurar barci ke iya tada masa ciwo, zaɓi tsakanin aiki ɗaya da aiki biyu ba gardamar malamai ba ce.