Kada, Tsando da Zaki a Gaɓar Kogin Kaduna

Kogin Kaduna ya faro daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kwara a ƙasar Nupe, daura da Pategi. A tsakiyar wannan tafiya ne ya ratsa wurin da ya zama birnin Kaduna, ya raba shi biyu. Kafin zuwan Turawa babu birni a wurin. Ƙauyukan Gwari ne jefi-jefi a cikin daji, a ƙarƙashin ikon Zazzau, da Fulani masu wucewa da shanu, da masunta masu bin ruwa. Bayanin da ya fi yaɗuwa game da sunan kogin shi ne daga kadduna aka samo shi, wato jam'in kada, ko da yake akwai masu danganta shi da wata kalmar Gwari mai nufin kogi. Ko wanne ne daidai, kadan na nan a ruwan lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta iso, wadda ta kai Kano a 1911.

Gwamna Lugga ya zaɓi gaɓar arewa don ya kafa sabuwar hedikwata a madadin Zungeru. Soja ne suka fara tarewa, sannan a 1917 aka mayar da gwamnatin Arewa gaba ɗayanta. Tashar jirgi ta zauna a kudu, barikoki da ofisoshi da gidajen Turawa suka zauna a arewa. Leburori da 'yan kasuwa da matan soja suka cika sababbin unguwanni, kuma yawancinsu baƙi ne ga kogin. Wannan baƙunta na da muhimmanci. Mutumin da aka haifa a bakin ruwa ya san gurbin da kada ke kwana, ya san rairayin da ta saba shan hantsi a kai lokacin hunturu, ya san watannin rani da macen ke tsaron ƙwanta a cikin yashi, lokacin da ba a kusantarta. Baƙon da ya zo daga Kano ko Katsina neman aikin lebura bai san ko ɗaya daga ciki ba, ga shi kuma dole ya je kogi ya yi wanka, ya yi wanki, ya ɗebo ruwa.

Yadda kada ke farauta ne ya sa mashaya da wurin wanki suka fi ko'ina haɗari. Ba ta bin mutum a tudu. Tana lura da wurin da ake zuwa kullum, ta nutse ta bar ido da hanci kaɗai a waje, ta matso a hankali har ta kai inda za ta iya cafka da tsalle ɗaya. In ta kama sai ta ja cikin ruwa ta nutsar. Shi ya sa a ko'ina cikin Afirka waɗanda ta fi ɗauka su ne mata masu wanki, da yara masu iyo, da masunta masu shiga ruwa da ƙafa, da awaki da maruƙa. Masunta na da nasu tanadin. Sarkin ruwa ne ke faɗin inda za a shiga da inda za a ƙaurace wa, akwai zago na sukar manyan namun ruwa, akwai kuma layu da asirai da ake gado daga kakanni, waɗanda masu su suka yi imani suna ɗaure bakin kada.

Wani bincike da aka buga a 2011 ya nuna cewa kadan da ke yawancin ruwayen Afirka ta Yamma jinsi ne dabam da na kogin Nilu da gabashin Afirka. Bai kai wancan girma ba, bai kuma kai shi faɗa ba. Wannan ya ƙara haske kan abin da aka daɗe ana gani a Paga ta ƙasar Gana, da Bazule ta Burkina Faso, da Wukari, da ƙasar Zuru, inda mutane ke zaune kusa da kadan da suke girmamawa ba a cika jin an ci kowa ba. A cikin Maguzawa ma akwai zuriyoyin da kan gidansu wata dabba ce da ba sa kashewa, ba sa ci. Amma rashin faɗa ba rashin haƙori ba ne. Babbar kada ta kowane jinsi na iya jan yaro.

Duk da haka a wancan zamani akwai abin da ya fi kada kisa a bakin ruwayen Arewa. Ƙudan tsando ne. Jinsunan tsando da ke sa wa mutum ciwon barci suna zaune ne a inuwar kurmin bakin rafi, daidai wurin da ake ɗiban ruwa da tsallaka mashigi, kuma jinin kada da na tsari na cikin abincinsu. Tun a 1906 da 1907, lokacin da likitan Jamus Robert Koch ya yi aiki a tsibiran tafkin Biktoriya, ya lura da wannan alaƙa har ya ba da shawarar a rage kadan don tsando ya rasa abinci. Wanda tsando mai ɗauke da ƙwayar cutar ya ciza yakan fara da zazzaɓi da kaluluwa a bayan wuya, a yi watanni ko shekaru, sannan cutar ta shiga ƙwaƙwalwa, barci ya rikice, mutum ya rame ya mutu.

Zaman lafiyar da ya buɗe hanyoyi bayan zuwan Turawa, da aikin jirgin ƙasa, da haƙar kuza a Jos, sun sa mutane yawo fiye da dā, cutar ta bi su. A shekarun 1930 ta zama annoba a lardin Zazzau da maƙwabtansa. Tsakanin 1931 da 1940 ma'aikatan ciwon barci sun duba mutum sama da miliyan 3 a Arewa, suka sami kusan 400,000 da cutar. Maganin da ake da shi a lokacin allura ce mai sinadarin guba, wadda kan makantar da wasu. Da aka ga allura kaɗai ba za ta isa ba sai aka koma kan ƙudan. Shirin Anchau, wanda aka fara a 1937 a gabashin Zariya tare da masanin ƙwari T. A. M. Nash, ya sare kurmin bakin rafuka a wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mil 70, aka tayar da ƙauyuka, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Aikin ya ci gumin talakawa ƙwarai, domin su ne suka riƙe gatari, kuma ba kowa ne ya bar kufan kakanninsa da son ransa ba. Amma cutar ta ja baya.

Kaduna ta zama cibiyar wannan yaƙi. A 1947 aka kafa cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma, hedikwatarta a Kaduna, reshenta a Vom. Nash da kansa ya shugabance ta a shekarun 1950. Bayan samun mulkin kai ta koma hannun Najeriya a 1964, kuma har yau tana Unguwar Rimi. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka ƙara da feshin magani a bakin rafuka. Makiyaya sun amfana da wannan kamar kowa, ko fiye, domin sammore ne ke hana shanu zama a dazukan kudancin Zazzau da damina.

A daidai waɗannan shekarun ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar fatar kada ta buɗe a Turai da Amurka, ana jaka da takalmi da ɗamara da ita, dukawan gida ma suna saye. Mafarauta suka riƙa fita da dare da fitila da bindiga, domin idon kada na ƙyalli in haske ya doke shi. Sare kurmi ya raba ta da mafaka, lambunan rani da masu ɗiban yashi suka mamaye rairayin da take saka ƙwai, rina da dattin masaƙun Kakuri suka shiga ruwan. Dokar namun daji ta Arewa ta 1963, da yarjejeniyar duniya ta 1973 kan cinikin dabbobin da ke neman ƙarewa, da dokar soja mai lamba 11 ta 1985, duk sun zo ne bayan an yi ɓarnar. A gefe guda kuma famfo ya rage zuwa kogi, musamman bayan gina matatar ruwa ta Malali. Mutanen Kabala da Unguwar Rimi da Malali na yau sun fi tsoron ambaliya, irin ta 2003 da ta 2012, fiye da abin da ke cikin ruwan. Kada ta koma tambari, ta koma sunan ƙungiyar ƙwallo da otal.

Da dajin ya ja baya, sai namun dajin suka riƙa shigowa gari a ɗaure. Gardawa sun girmi birnin Kaduna nesa ba kusa ba, amma gari mai tashoshin mota da kasuwanni da albashin ƙarshen wata wuri ne da ya dace da sana'arsu. Gardi kan zo da kura a takunkumi, an ɗaure ta da sarƙa mai kauri, tare da gwaggon biri da aka sa wa riga, da mesa ko gamsheƙa a cikin akwati. Yana sanye da walki, guraye a ƙugu, kambuna a dantse, akayau a ƙafa, makaɗa na biye. Wasan talla ne. Ainihin cinikin shi ne maganin da ake sayarwa bayan taro ya haɗu: na sarar maciji, na harbin kunama, na tsari, na ƙarfe. Gardawa na cewa sun sha maganin dabbar tun suna yara, kuma sana'ar gado ce. Abin da ɗan kallo ke iya gani shi ne sanda da takunkumi da sanin halin dabba, ga tabon cizo a hannuwan masu wasan. Hausawa sun daɗe da yanke hukunci kan wanda ke cin riba a wannan haɗi, da suka ce kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Hotunan da Pieter Hugo, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauka na wata ƙungiyar gardawa a 2005 da 2007 sun kai labarinsu ƙasashen waje, inda aka yi ta mamakin abin da kowane yaron Tudun Wada ya saba gani a bakin titi.

Hanya ta biyu da namun daji suka zauna a gari ita ce keji. A gaɓar arewa, kusa da Kabala, akwai lambun shaƙatawa da aka fi sani da Ƙofar Gamji, wanda aka raɗa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Arewa daga 1966 zuwa 1967. A nan ne ƙaramar gadar ƙarfe da Lugga ya gina a Zungeru a 1904 take, bayan an kwance ta an kawo Kaduna, kuma tun 1956 tana cikin kayan tarihi na ƙasa. A nan ne kuma aka yi kududdufin kada da kejin wasu dabbobi. Yawancin yaran da suka tashi a Kaduna daga baya a wannan lambun suka fara ganin kada da idonsu, ranar yawon salla, tana kwance baki buɗe, kogin da aka sa wa sunanta na wucewa a bayan shinge.

A farkon 2018 zakin da ke lambun ya kuɓuce daga kejinsa ya far wa mai kula da shi. Aka garzaya da mutumin asibitin Barau Dikko, inda rai ya yi halinsa. Lamarin bai keɓanta da Kaduna ba. A Disambar 2015 wani zaki ya fice daga gandun namun daji na Jos, aka harbe shi. A Oktobar 2019 na gidan zu na Audu Baƙo a Kano ya kuɓuce, aka rufe gidan, aka yi kusan kwana biyu kafin a mayar da shi keji, bayan ya yi ɓarna a garken awakin wurin. A 2024 zakuna sun kashe masu kula da su a jami'ar Ile-Ife da kuma Abeokuta. Abin lura shi ne waɗanda abin ya fi shafa ma'aikata ne, ba 'yan kallo ba, kuma yakan faru ne a lokacin ba da abinci ko shara ko sauya wa dabba wuri. Ƙa'idar ajiye zaki ita ce keji mai ɗaki biyu da ƙofa a tsakani, a kulle shi a ɗaya kafin a shiga ɗayan. Inda ƙofa ta yi tsatsa, ko sakata ta lalace, ko babu allurar sa barci da bindigar harba ta, sai rayuwar ma'aikaci ta dogara ga sabonsa da dabbar. Sabo kuwa turken wawa ne, domin zakin da aka yi shekaru ana ba shi nama da hannu bai daina zama zaki ba.

A farkon 2021 Ƙofar Gamji ta sake shiga labarai, wannan karon saboda hotunan da suka bazu a intanet na zakin wurin ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, tare da wasu dabbobin cikin irin wannan hali. Ƙungiyoyin kare dabbobi na gida da na waje suka sa baki, hukumomi suka shiga maganar. Babban zaki na buƙatar kilo da yawa na nama a kowace rana, ga likita, ga gyaran keji, kuma kuɗin shiga ƙofa ba kasafai yake ɗaukar wannan nauyi ba.

A dajin jihar kuwa, wurin da aka keɓe wa namun daji shi ne gandun Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari, wanda ya zama na tarayya a 1999, amma 'yan bindiga sun hana ma'aikata da baƙi sakat a cikinsa shekaru da dama. Zakunan da suka rage a dajin Najeriya gaba ɗaya masana na ƙiyasta ba su kai 50 ba, kuma a Yankari da gandun tafkin Kainji kaɗai ake samunsu.