Hannaye huɗu na kabon, da yadda suka karya kasuwar baba

Duk wanda ya yi ajin kimiyya a sakandare ya san zanen nan: harafin C a tsakiya, layuka huɗu sun fita daga jikinsa, kowane layi da H a ƙarshensa. Mun haddace shi, mun zana a jarrabawa, mun wuce abinmu. Ni dai ban tuna ranar da aka ce mana ga wanda ya fara zana layukan nan ba, balle a ce ga abin da suka jawo wa manoma da marina. To yau labarin da za mu bi kenan.

A farkon ƙarni na 19, masana sinadarai a Turai sun raba abubuwa gida biyu. Akwai na ƙasa da duwatsu, irin su gishiri da ƙarfe, waɗanda za ka iya haɗawa a ɗakin gwaji. Akwai kuma waɗanda ake samu daga mai rai, kamar sukari da kitse da launin tsirrai. Babban malamin zamanin, Berzelius ɗan ƙasar Suwidin, shi ya yaɗa kiran rukuni na biyu da sunan oganik, kuma da yawa sun ɗauka cewa sai da wani ƙarfi na rai ake iya ƙera su.

A 1828 wani tsohon ɗalibinsa, Bajamushe Friedrich Wöhler, yana ƙoƙarin haɗa wani gishiri mai suna amoniyam sayanet. Da ya ƙafar da ruwan, sai ga fararen ƙwayoyi, ya duba ya ga ashe yuriya ce. E, wannan dai yuriyar da ke cikin fitsari, wadda yau manomi ke saya a buhu. Ya rubuta wa malaminsa wasiƙa yana murna cewa ya yi yuriya ba tare da ƙodar mutum ko ta kare ba. Littattafan makaranta suna son cewa a ranar tsohuwar fahimta ta mutu. Ba haka aka yi ba, ta ɗauki shekaru tana jan ƙafa. Abin da ya fi ɗaure wa masana kai shi ne, gishirin da yuriyar kayan cikinsu ɗaya ne sak: ƙwayar zarra ɗaya ta kabon, huɗu na haidurojin, biyu na naitirojin, ɗaya ta oksijin. Lissafi ɗaya, hali daban. Kenan ba yawan ƙwayoyin kaɗai ke magana ba, har da wa ke riƙe da wa.

Ku riƙe wannan, domin rashin saninsa ne ya sa wani yaro ya yi kuskuren da ya mai da shi attajiri. A 1856 a Landan, William Perkin, ɗan shekara 18, yana so ya haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro. Lokacin daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka ake samunsa, ga tsada, ga Ingila na matuƙar bukatarsa saboda sojoji da ma'aikatanta a ƙasashe masu zafi. Dabarar Perkin ita ce lissafi: kwinin na da kabon 20, to bari a nemo sinadari mai kabon 10 a haɗa biyu. Kamar mutum ne ya ƙirga bulon gida da buhunan siminti, ya zube su wuri ɗaya, yana jiran gida ya tashi. Kwinin bai fito ba. Da ya sake gwadawa da wani sinadari na kwaltar gawayin kwal, sai ya samu baƙin dagwalo, yana wanke kwalbar ya ga launin shunayya mai kama siliki. Ya bar makaranta, ya buɗe masana'anta a 1857. Kwinin kuwa sai a 1944 wasu masana biyu a Amurka suka nuna hanyar haɗa shi.

Shekara biyu bayan sa'ar Perkin aka samu amsar tambayar. A 1858 August Kekulé ya wallafa cewa kabon hannaye huɗu gare shi, kuma yana iya kama ɗan'uwansa kabon su yi sarƙa, sauran hannayen su kama wasu ƙwayoyin. Daga wannan ƙa'ida guda ake gane dalilin da ya sa sinadaran kabon suka kai miliyoyi: sarƙa gajera iskar girki, ta ƙara tsawo fetur, ta ƙara dizal, ta ƙara kakin kyandir.

A nan akwai wanda tarihi ya yi wa ƙwange, kuma ina so ku san sunansa. Archibald Couper, matashi ɗan Sikotlan da ke aiki a Paris, ya kai ga wannan fahimta shi kaɗai, kuma yana cikin na farko da suka zana layuka tsakanin haruffa kamar yadda muke yi yau. Ya ba shugaban ɗakin gwajinsu, Wurtz, takardarsa don a gabatar a majalisar masana, aka yi jinkiri, ta Kekulé ta riga fita. Couper ya yi faɗa da maigidan, aka sallame shi, ya koma gida, ciwon ƙwaƙwalwa ya kama shi. Bai sake wallafa komai ba har ya rasu a 1892. Duk ɗalibin da takardarsa ta taɓa kwana wata da watanni a kan teburin wani babba ya san zafin wannan labari.

A 1865 Kekulé ya ƙara da cewa sinadarin benzin zobe ne, kabon shida sun riƙe juna sun zagayo. Labarin nan da ake yawan bayarwa, wai ya yi gyangyaɗi ya ga maciji ya ciji wutsiyarsa, shi da kansa ya ba da shi, amma sai a 1890 wajen bikin karrama shi, bayan shekara 25. Ni dai ina ɗaukarsa a matsayin hirar dattijo ranar biki.

Abin mamakin, duk wannan zane an yi shi ba wanda ya san mene ne layin. Sai a 1897 Thomson ya gano ilektiron, Rutherford ya gano cibiyar ƙwayar zarra a 1911, sannan a 1916 Gilbert Lewis a Amurka ya ce layin nan ilektiron biyu ne da ƙwayoyi biyu suka yi tarayya a kai. Kabon na da ilektiron shida, biyu a ciki, huɗu a waje, yana neman cika takwas. Ga asalin hannaye huɗun. Amma 'yan kasuwa ba su jira bayanin ba, zanen ya ishe su.

Kamfanonin Jamus suka gane cewa in ka san tsarin launi, za ka iya gina shi daga kwalta. A 1868 Graebe da Liebermann suka haɗa jan launin da ake samu daga saiwar wani tsiro, cikin 'yan shekaru noman tsiron ya durƙushe a kudancin Faransa. Sai aka juyo kan sarkin launuka, baba. Adolf von Baeyer ya shafe shekaru a kansa, ya fitar da tsarinsa a 1883: kabon 16, haidurojin 10, naitirojin 2, oksijin 2. Kamfanin BASF ya zuba dukiya mai yawa kafin ya samu hanyar da za ta yi riba, ya fito da babansa kasuwa a 1897.

Indiya ce ke ciyar da duniya da baba a lokacin, ƙarƙashin Turawan Ingila masu gonaki da ke tilasta wa talakawa nomansa. Kafin yaƙin duniya na farko kasuwar ta rushe, ta koma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kada ku zaci manoma sun huta. A yankin Champaran, inda ake tilasta wa manomi ya shuka baba a kashi 3 cikin 20 na gonarsa, masu gonakin suka ce za su yafe tilascin, amma sai an biya su diyya ko an ƙara kuɗin haya. Wato asarar da ɗakin gwaji a Jamus ya jawo, a kan talaka aka sauke ta. Wannan ƙorafi ne ya kai Gandhi Champaran a 1917, gwagwarmayarsa ta farko babba a cikin Indiya.

To mu fa? Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi burge shi shi ne saƙa da rini, ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Kura ta yi suna da turkuɗi da rawani mai sheƙi da Buzaye ke nema. Kuma abin da marini ke yi a karofi kemistiri ne zalla. Baba ba ya narkewa a ruwa. Sai an zuba shi da toka da katsi, an bar shi kwanaki ya ruɓa, ƙananan halittun da ido ba ya gani su ƙara masa ilektiron, sannan ya narke ya shiga zare. Shi ya sa in an tsamo zane za ka gan shi kore-kore, iska na bugunsa oksijin ya ƙwace abin da aka ƙara, ya koma shuɗi, ya maƙale a cikin zaren ba fita. Marinan sun san lokacin da karofi ya nuna da wari da kumfa da ɗanɗano, ƙarnuka kafin a haifi Baeyer. Abin da ba su da shi shi ne zanen, da kamfanin da zai ɗauki masana aiki shekara da shekaru.

Ba zan ce baban kanti kaɗai ya kwantar da marina ba, yadin da aka riƙa shigowa da shi daga waje ya yi nasa ɓarnar, wataƙila ma fiye. Amma a ƙarni na 20 garin launi na gwangwani ya shigo kasuwa, mai arha, mai saurin kamawa, marina da yawa suka koma kansa, karofi suka riƙa cikewa da ƙasa. Ku je Ƙofar Mata ku ƙirga ramukan da ke aiki da waɗanda suka bushe. Shuɗin wandon jins da ke jikin yawancinmu yanzu, in aka zana tsarinsa, shi ne dai na cikin ramukan nan, kabon 16 ɗin nan, sai dai daga sinadaran man fetur aka gina shi.

A shiri na gaba za mu koma kan yuriya, mu ga yadda Fritz Haber ya kamo naitirojin daga iska. Sai mun haɗu.