Mota a Littafi da Silima: Amurka ta 1950 da Hanyar Maraɗi zuwa Katsina

1. Gabatarwa

Wannan maƙala tana duba yadda aka adana tarihin mota a wurare biyu: ƙasar Amurka ta tsakiyar ƙarni na 20, da kuma kudancin jihar Maraɗi, wato gundumar Madarumfa inda Safo take, dab da iyakar Nijeriya. A Amurka littattafai da finafinai ne suka ɗauki wannan aiki. A wurinmu finafinan kaɗan ne, littattafan ma ba su fi a ƙirga ba. Abin da muke son nunawa shi ne, mafi yawan tarihin mota na wannan yanki yana cikin kalmomin da direbobi da fasinjoji suke amfani da su, kuma aikin masu nazarin harshe ne su tattara shi.

2. Motar Amurka cikin littafi da fim

A shekara ta 1955 masana'antun Amurka sun ƙera motocin hawa kusan miliyan 8. A 1956 gwamnati ta kafa dokar shimfiɗa manyan hanyoyi masu tsawon mil 41,000. Motocin lokacin dogaye ne, masu shan mai, an yi musu ado da fukafukai a baya. Harley Earl na kamfanin General Motors ya soma wannan ado a kan Cadillac ta 1948, ya kuma kai matuƙa a ta 1959.

Rubuce-rubucen da suka biyo baya iri uku ne. Na farko su ne masu ɗaukar mota alamar ƴancin saurayi, kamar fim ɗin Rebel Without a Cause na 1955, inda James Dean yake tuƙa Mercury ta 1949, da littafin Jack Kerouac, On the Road, na 1957. Na biyu su ne masu suka. John Keats ya fitar da The Insolent Chariots a 1958, sannan Ralph Nader ya fitar da Unsafe at Any Speed a 1965, inda ya tuhumi kamfanoni da fifita ado a kan ran mutane. Shekara guda bayansa aka kafa dokar kiyaye lafiyar masu shiga mota. Na uku su ne na begen abin da ya wuce. George Lucas ya yi American Graffiti a 1973, shekarar da kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabo, amma labarin na 1962 ne. A 1983 Stephen King ya rubuta Christine, labarin wata Plymouth ta 1958, aka mai da shi fim a shekarar.

Abu guda ya haɗa su duka: motar ta mutum ɗaya ce, kuma ana kiran ta da sunan kamfani da shekarar ƙira. Mai karatu yana jin shekarar ya san siffar motar, ya san kuma matsayin mai ita. Roland Barthes ya yi irin wannan karatu a kan Citroën DS cikin Mythologies na 1957, inda ya ɗauki mota a matsayin alama mai ma'ana, kamar kalma.

3. Yadda mota ta iso ƙasar Maraɗi

Hotunan mota na farko da suka shahara daga wannan yanki na Faransawa ne. Ayarin motoci 8 na kamfanin Citroën, ƙarƙashin Haardt da Audouin-Dubreuil, ya taso daga Aljeriya a watan Oktoba na 1924, ya biyo ta Yamai da Maraɗi da Tasawa da Damagaram. Léon Poirier ya yi fim ɗin tafiyar, La Croisière noire, wanda ya fito a 1926. A cikinsa mota ta Bature ce, mutanen ƙasa kuwa ƴan kallo ne a bakin hanya.

Sai dai motar da ta sauya rayuwar manomi daga kudu ta zo. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma bayan yaƙin duniya na farko motocin kaya na Amurka marasa nauyi, musamman Ford, suka bazu a Afirka ta Yamma saboda sun fi jure hanyar da ba ta da kwalta. Gyaɗar Maraɗi ta daɗe tana bin hanyar Katsina zuwa Kano kafin hukumar mulkin mallaka ta tsara, cikin shekarun 1950, a riƙa fitar da wani kaso ta Dahome. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA domin cinikinta. Littafin Emmanuel Grégoire, Les Alhazai de Maradi, na 1986, ya nuna yadda manyan ƴan kasuwar birnin suka taso daga gyaɗa, sannan daga fatauci tsakanin ƙasashen biyu. Ashe ke nan motar Amurka ta shigo Afirka ta Yamma da kaya a bayanta tun kafin a yi mata fukafukai.

4. Mota a silimar Nijar

Finafinai uku sun isa misali. A Jaguar, wanda Jean Rouch ya ɗauka cikin 1954 da 1955 ya kuma fitar a 1967, samari uku sun tafi cin rani Gwalkwas, Gana ta yau. Sunan fim ɗin na wata motar Ingila ce, amma a bakin samarin yana nufin ɗan gaye, wanda ya waye da birni. Mutumin da bai mallaki motar ba ya ari sunanta ya yafa.

A F.V.V.A. na Mustafa Alasan, na 1972, haruffan suna nufin mace da mota da gida da kuɗi, wato burin ƙaramin ma'aikaci bayan samun mulkin kai. Burin ya kai jarumin ga taɓa kuɗin da ba nasa ba, ya ƙare a gidan kaso. A nan ne kawai motar mutum ɗaya ta fito fili, kuma ta fito ne a matsayin jarrabawa.

A Cocorico Monsieur Poulet na 1974, wanda Rouch ya yi tare da Damure Zika da Lam Ibrahim Dia, wata tsohuwar Citroën ce ake yawo da ita ƙauyuka sayen kaji. Tana mutuwa ana tura ta, ana kwance ta a ƙetare kogin Kwara da ita. Wannan ita ce motar da mutumin Safo zai gane: jari ce, kuma darajarta tana ga iya wahalar da take ɗauka. Ta fuskar rubutu, Adeline Masquelier ta nuna a 2002 yadda mutanen Arewa ta Dogonduci suke ba da labarin iskokin da ke kan babbar hanya ta 1, wato yadda tsoron haɗari da kwaɗayin arziki suke tafiya tare.

5. Abin da kalmomi suke faɗi

Idan muka saurari Hausar tasha a yankin Madarumfa, za mu ga kalmomin aro sun kasu gida biyu. Waɗanda suka shafi jikin mota da aikinta na yau da kullum daga Ingilishi suke: mota, direba, tasha, taya, birki, inji, fasinja. Waɗanda suka shafi takarda da hukuma daga Faransanci suke: permi, duwan, jandarma, asiransi. Da an ƙetare Ɗan Isa an shiga Jibiya, permi ya koma lasin, duwan ya koma kwastan. Akwai kuma tagwaye masu zama tare, kamar esansi da fetur, ko aparanti da karen mota. A ganinmu wannan rabo yana maimaita tarihin da muka kawo a sashe na 3: ƙarfe da sana'a sun zo daga Kano, iko ya zo daga Yamai.

Sunayen kamfani ma sun bi ƙa'idar furucin Hausa, inda ake raba baƙaƙe da wasali: Marsandi, Fijo, Landiroba. Fijo ta yi ƙarfi bayan buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Amma sunayen da Hausa ta ƙirƙira da kanta su ne suka fi koyar da mu. Akori-kura da gingimari suna nuni ga aiki ko girma. Ƴar Kwatano tana nuni ga tashar ruwan da tsohuwar mota ta biyo. Doguwar motar alfarma, irin wadda Amurkawa suka cika littattafai a kanta, kalma guda ta ishe ta, zungureriya, kuma tsawonta kawai kalmar ta gani. Ba mu da al'adar kiran mota da shekarar ƙirarta, domin motar da ta iso mu galibi ta riga ta ci ƙuruciyarta a wani wuri.

6. Kammalawa

Amurka ta rubuta tarihin motarta tun motar tana sabuwa, har ta kai ga begenta. Namu tarihin yana bakin tsofaffin direbobi da makanikai da ƴan kamasho, kuma kowane suna yana mutuwa tare da motar da yake kira. Muna ba da shawara ɗalibanmu su ɗauki hanyar Maraɗi zuwa Katsina a matsayin fagen bincike, su fara da garuruwa irin Safo da Madarumfa da Ɗan Isa. A naɗi kowace kalma da karin sautinta, a rubuta shekarun mai faɗinta da wajen da ya koyi sana'a, a tambaye shi wace mota ya fara ji an kira da ita. Haka nan a kwafe rubutun da ke jikin motoci, na boko da na ajami. Daga irin wannan ƙamus za a iya jera kalmomin bisa zamani, a kuma gwada ko rabon da muka kawo tsakanin kalmomin ƙarfe da na hukuma zai tabbata.