Ruwan Mayanka da Gansakukar Kanem

Mai sauraro, in kai mai kawo shanu Lome ne daga Sinkase ko Gaya, ka san Zongon yau ba shi ne na kakanninmu ba. Na farko yana tsakiyar gari tun zamanin Jamus, fataken goro da dillalan shanu suka raya shi. A 1977 gwamnati ta rushe shi, aka kwashe mutane zuwa wajen Togblekope, kamar kilomita 15 arewa, kusa da kogin Zio. To, dabba ta bi mai ita. Jini da kashi da ruwan wankin tumbi su ma suka biyo baya, kuma in damina ta yi ƙarfi, kwari suke gangarawa.

Wannan ruwan mai wari taki ne. Shi ya sa duk tafkin da ya sha shi sai ya yi kore shar. Abin da ya rage shi ne wace gansakuka za ta ci shi: ta banza, ko mai amfani?

Mai amfanin kuwa tamu ce tun fil azal. Matan Kanembu a gefen Tafkin Chadi sun daɗe suna kwasar wata koriyar gansakuka a tafkunan kanwa, su shanya ta a kan yashi, su sa a miya. Dihe suke ce mata. Wajen 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort-Lamy, Njamenar yanzu, aka tabbatar ita ce sifirulina, wadda fiye da rabin busasshiyarta furotin ne. Ka ji fa, kanwar da kake ba shanunka ita ce irin ruwan da take so.

Nan Togo ma an gwada. A shekarun 1980 wani Ba'amurke, Ripley Fox, ya kafa tsari a ƙauyen Farende, yankin Kara: ƙazanta ta shiga rufaffen rami ta ruɓe, ta ba da gas, ruwan da ya fito kuma ya ciyar da sifirulina.

Amma kar ka ce za ka juye ruwan mayanka kai tsaye. Ɗanyensa kashe ta yake. Duhunsa na tare rana, zafin fitsarin da ke ciki, wato amoniya, na ƙona ta, ga ƙwayoyin cuta. Sai an bar shi ya kwanta an cire daskararren, ya kwana makonni a ramin ruɓa, a tace, sannan a sirka da ruwa mai kyau. Ni dai a ganina, wadda aka noma da irin wannan ruwa a fara ba kaji da kifi, kar a kai wa yara sai likitoci sun auna ta.

Kuɗin ginin ramin fa? Wannan magana ce ta sarkin fawa da shugabannin kara, don ba aikin mahauci ɗaya ba ne.